Wasan ƙwallon bidiyo da ba shi da alƙali

Tun kafin PlayStation ya mamaye shagunan gem, an yi yayin wani wasa mai suna Nintendo World Cup.

Kamfanin Technos na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1990. Asalinsa gasar 'yan makarantar sakandare ce, sai aka mayar da ita ta ƙasashe domin kasuwar Amurka da Turai.

'Yan wasa shida-shida ne, gajeru masu manyan kawuna. Babu alƙali, don haka ana iya bangaje mutum har ya sume, a bar shi kwance a fili. Wani filin ma na ƙanƙara ne, tsantsi kawai.

Mai wasa mutum ɗaya yake sarrafawa, sauran sai dai ya ba su umarni. Wannan ya sa wasu suka ƙosa da shi, wasu kuma dariyar ce ta riƙe su.

Abin mamaki, Kamaru, wadda ita kaɗai ce daga Afirka, ita aka sa abokiyar karawar farko, wato mafi sauƙi. A shekarar ce kuma ta doke Ajantina da ci 1-0 a Italiya.

Technos ya durƙushe a 1996.