Kaya a Garwa, mai kaya a Duwala: Yadda ake haɗa kwamfutar ofis da gajimare

Ɗan kasuwar da ke da rumbun kaya a Garwa ko Marwa yakan shafe makonni a Duwala yana jiran fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, alhali lissafinsa na cikin kwamfutar ofis. In yana son sanin abin da ya rage a rumbu, sai ya bugo waya a karanta masa. Haka ma ƙananan asibitoci da makarantun kuɗi.

Wasu na cewa a kwashe komai a zuba a gajimare, wato manyan kwamfutocin kamfanoni da ake haya ta intanet. To amma ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Kamaru. A irin wannan rana, wanda bayanansa ke ofis yana ci gaba da ciniki. Shi ya sa wasu ke barin bayanan a gida, su ƙulla mahaɗa tsakanin ofis da gajimare.

Mece ce mahaɗa?

Ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kwamfutar ofis. Layin wayar salula, irin na MTN ko Orange, galibi ba ya ba mutum adireshin intanet nasa shi kaɗai, don haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Mahaɗa kuwa ita ce ke kira daga ciki, ta riƙe hanyar a buɗe, sai mai gida ya biyo ta nan.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce cloudflared ta kamfanin Cloudflare na Amurka. Ana saita ta ne a baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Da farko sai a mallaki sunan shafi a ɗora shi a asusun Cloudflare. Umarnin cloudflared tunnel login zai sauko da takardar izini mai suna cert.pem. Daga nan cloudflared tunnel create, haɗe da sunan da aka zaɓa, zai haƙa hanyar, ya ba da doguwar lamba da fayil ɗin sirri.

Zuciyar aikin ita ce fayil ɗin saiti, config.yml. A ciki ake rubuta lambar hanyar, da wurin da fayil ɗin sirri yake, da jerin ƙa'idojin da ke cewa wanda ya nemi adireshi kaza a kai shi manhaja kaza. Dole ƙa'idar ƙarshe ta kama duk abin da bai dace da na sama ba, yawanci http_status:404, in ba haka ba mahaɗar ba za ta tashi ba. Tazarar farkon layi ma tana da ma'ana, ɗaya ta goce sai aiki ya tsaya. Kafin a kunna, cloudflared tunnel ingress validate zai duba ƙa'idojin, sannan cloudflared tunnel route dns ya ɗaura sunan shafin a kan hanyar.

Amfanin baƙin allo shi ne rubutu ba ya cin data, kuma ana iya ajiye umarnin a maimaita. In kwamfuta ta ƙone, da kwafin fayilolin a filashi sai a sake tayar da komai a wata, ba sai an jira wanda ya haɗa tun farko ba.

Wuta da amana

Arewa ta daɗe tana dogaro da dam ɗin Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, duk da tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi. Saboda haka kada a manta da cloudflared service install, wanda ke sa mahaɗa ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

Sai batun amana. Adireshin da aka buɗe, kowa a duniya na iya isa gare shi, sai an sa shingen tantance mai shiga, kamar Cloudflare Access. Fayilolin sirrin nan kuwa makullin rumbu ne. Kada a tura su ta WhatsApp, kuma asusun ya kasance da sunan mai kasuwanci, ba yaron da ya haɗa ba. In an rabu da shi, a goge hanyar a haƙa sabuwa.

Tun watan Disamba 2024 Kamaru ke da dokar kare bayanan sirrin jama'a. Duk mai riƙe da sunayen marasa lafiya, ɗalibai ko masu bashi, ya tambayi mai haɗa masa tun kafin a biya kuɗin aiki: makullan suna hannun wa, kuma ina kwafinsu?