Dalma, kwalli da ƙura: matsalar kalmomi wajen kare ƙananan yara daga gubar dalma

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba wata matsala ta fassara wadda ta shafi rayukan yara. Abin da Faransanci ke kira saturnisme, Hausa tana ce masa "gubar dalma", lafazin da ya bazu ta gidajen rediyo tun 2010, shekarar da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikin jihar Zamfara. Fassarar daidai take. Amma a ganinmu, in an shiga da ita cikin gida, ba ta nuna wa uwa abin da za ta kiyaye.

Mu fara da dalma, ko darma a wasu bakuna. Ga mai jin Hausa, ƙarfe ce mai laushi mai nauyi, wadda ake narkarwa a yi liƙi, ko masunta su ɗaura wa taru. Matar da aka ce ta raba ɗanta da dalma za ta duba ɗakinta ta ce babu, kuma ba ta yi ƙarya ba. A Zamfara ma ba wanda ya ga dalma da ido. Dutsen zinariya aka kawo gida, aka daka a turmi, aka niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Haka aka yi a Thiaroye, kusa da Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008: can ƙasar unguwa ce ta gurɓace da tsofaffin batiran mota da ake fasawa.

Ita kuma guba, kalma ce mai ɗauke da ma'anar gaggawa: a ci, a faɗi. Dalma kuwa taruwa take yi a jini da ƙashi sannu a hankali. Hukumar lafiya ta duniya ta bayyana cewa babu wani ɗan adadi nata da ba ya cutarwa, kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, balle in yana da yunwa ko ƙarancin jini. Galibi ba a ganin alama, sai yaro ya shiga lakkwal a ce ba ya ganewa. In ta yi yawa sai amai da ciwon ciki da jijjiga, a ɗauka zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau. Awon jini kaɗai ke tabbatarwa.

Inda laifin ya fi kusa da mu masu nazarin harshe shi ne kwalli, ko tozali. An daɗe ana fassara shi da antimoine, malamai suna ta kwafe wa juna. Alhali dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa galène ne, wato haɗin dalma da farar wuta. A 2011, a birnin Boston na Amurka, an auna irin wannan kwalli da aka kawo daga Nijeriya ana sa wa wani jariri ɗan wata shida, aka tarar kashi 82,6 cikin ɗari dalma ce. Jariri yakan murza ido ya tsotsi yatsa, ta nan take shiga. To amma kunnen Bahaushe yana haɗa kwalli da kwalliya, kuma kakanni suna ɗaukarsa maganin ido. Kalmar tana cikin rukunin ado da magani, ba ta cikin rukunin guba, shi ya sa gargaɗi ke wucewa ta gefenta.

Saboda haka muna ba da shawara a gina saƙo kan sunayen da abubuwan ke da su a gida, da kuma aikatau. A gwama waɗannan:

(1) Ku kare yaranku daga gubar dalma.
(2) Kada a sa wa jariri kwalli. Kada a daka dutsen zinariya a turmin hatsi.

Jimla ta (1) tana buƙatar mai sauraro ya riga ya san inda dalma take ɓoye. Ta (2) ba ta buƙatar haka. A kan wannan tsari ne za a faɗi sauran: a yayyafa ruwa kafin shara, a shimfiɗa wa yaro tabarma, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci, mai aikin haƙa ko mai gyaran batir ya sake tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa.

Batun dutse ba na maƙwabta ba ne kawai, tunda a 2021 dubban mutane sun kwarara neman zinariya a yankin Ɗan Isa, kudancin Maraɗi, daf da iyaka. Ba kowane dutsen zinariya ke da dalma ba, amma ido ba ya bambance su, don haka jimlar "kada a shigo da dutse gida" ta fi "a kiyayi dutse mai dalma" amfani.