Yawon buɗe ido a lambu: Daga Aburi ta ƙasar Ghana zuwa Mirya

Daga wakilinmu a Damagaram

Duk ranar Alhamis idan Kasuwar Dole ta cika ta batse, za ka tarar da mata sun baje kolin garin kuka da tsamiya da zogale da goruba da dabino, ga masu kayan ƙamshi a gefe da kirfa da kanumfari da citta. Da yawa daga cikinsu sun shekara ashirin ko talatin a kan wannan sana'a, suna gane mai kyau da gurɓatacce tun daga nesa, amma idan ka tambayi mai sayar da kirfa yadda itacenta yake, da wuya ta iya kwatanta maka, domin ba ta taɓa ganinsa a tsaye ba.

Haka abin yake ga fatakenmu masu zuwa Akra da Lome da Kwatano saro kaya. Daga tasha sai masauki, daga masauki sai kasuwa, a ɗaure kaya a juyo gida. Alhali kuwa a wasu daga cikin manyan biranen nan ko kusa da su akwai lambunan da aka keɓe musamman domin tara itatuwa da tsirrai na sassan duniya, inda baƙi ke biyan kuɗi su shiga kallo.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a Afirka ta Yamma shi ne na garin Aburi, a kan tsaunukan da ke arewa da Akra, tafiyar kamar awa guda a mota. An buɗe shi a shekarar 1890, zamanin mulkin Turawan Ingila, kuma faɗinsa ya kai hekta 65. Da shigar mutum, abin da zai fara tarbarsa shi ne wata doguwar hanya da dogayen itatuwa dangin kwakwa suka yi wa sahu hagu da dama, ga iska mai sanyi wadda babu ita a cikin Akra. Akwai wani tsohon rimi da ya girmi lambun kansa, akwai kuma ɓangaren kayan ƙamshi, inda mai zagayawa da baƙi kan murza ganye ko ɓawo ya miƙa a shinshina. A nan mai sayar da kayan yaji za ta ga da idonta cewa kirfa ɓawon itace ce, ta kuma ga itacen gyaɗar ƙamshi.

Abin da ya bambanta irin wannan wuri da garkar gida shi ne, akan liƙa wa itatuwa ƙananan alluna masu ɗauke da sunansu na ilimi, wanda masana na kowace ƙasa suka yarda da shi. Kukar da muke kaɗa miya da ita, alal misali, sunanta Adansonia digitata, an raɗa mata shi ne saboda wani Bafaranshe mai suna Michel Adanson wanda ya je Senegal a 1749 ya yi nazarinta.

Kada mai karatu ya ɗauka wuraren nan na shan iska ne kawai. Tun asali domin kasuwanci aka kafa su. Daga Aburi aka riƙa raba wa manoman Ghana dashen koko tare da koya musu yadda ake kula da shi, har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen nomansa a farkon ƙarni na 20. Haka lambun Hamma na birnin Aljiyas, wanda Faransawa suka kafa a 1832 domin gwada tsirran da suka kwaso daga wasu ƙasashe. Mu ma abubuwa da dama da ke kan faifanmu baƙi ne: mangwaro da dogon yaro daga yankin Indiya suka fito, gwaiba da tumatir da barkono da rogo kuwa daga nahiyar Amurka. Wani ne ya ɗauko iri, wani ya gwada, sannan ya zama abin neman kuɗi.

To, wanda bai da halin zuwa Ghana fa? Ba sai ya yi nisa ba. Kilomita 18 gabas da birnin Damagaram, a kan hanyar Gure da Diffa, ga garin Mirya, wanda kasuwarsa ke ci ranar Lahadi. Tun kafin mota ta tsaya za ka fara hango kukoki birjik a cikin gonaki, ga lambuna kore shar da mangwaro da lemo da kayan miya. Ba yau Mirya ta yi suna da itatuwa ba. Bajamushen nan mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta garin a watan Disamba na 1852 kan hanyarsa ta shiga Damagaram, kuma ya rubuta labarin tsamiyoyin da ya gani. Gaba da Mirya kuma akwai Gidimuni mai tafkuna da dabino.

A yankin Mirya kuka dukiya ce mai mai ita, ana gadonta, ana sayar da ganyenta tun yana bisa, kuma mata ne kan gaba wajen tsinka da shanya da daka da kai wa kasuwa. Tiyar kukar da ake ciniki a Dole, sau da yawa daga nan ta taso.

Sai dai wannan ni'ima ta taɓa kusan kuɓucewa. Farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe itatuwa masu yawa, sauran kuma gatari ya bi su saboda itacen girki da yunwa. Daga tsakiyar shekarun 1980 ne manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato idan an zo sharar gona, maimakon a tumɓuke duk wani toho, sai a zaɓi masu ƙarfi a yi musu aski a bar su su girma. Wani bincike da aka yi a 2006 ya nuna cewa a yankunan Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai, itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1, galibinsu gawo. Shi gawo yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yan kuma abincin dabbobi da rani. Magabata sun san darajarsa, domin ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi.

Ga mai niyyar ziyara, ko Aburi ko Mirya, ya fi kyau a yi sammako kafin rana ta take. A Aburi ana yankar tikiti a ƙofa, kuma ba a yarda a tsinki fure ko a karya reshe ba. A Mirya kuwa lambunan na mutane ne, don haka sai a yi sallama, a nemi izinin mai garka, abin da aka yi sha'awa a saya. Mata masu adashi za su iya haɗa kuɗin mota su tafi tare da yara wata Lahadin, su ci kasuwa, su kuma ƙulla hulɗa kai tsaye da masu kuka da masu lambu ba tare da ɗan tsakiya ba.

Abin da ya rage shi ne hukumomin gari da masarauta su yi tunanin keɓe fili a tara itatuwan gida irin su kanya da ɗinya da aduwa da magarya da kurna da ɗorawa, a rubuta sunan kowane da Hausa da Kanuri, a samar masa mai ban ruwa da mai gadi. Akwai yara a cikin birni da suka san goruba a faifai amma ba su san itacenta ba, kuma duk itacen da ya ɓace daga daji, wata rana za a neme shi a kasuwa a rasa. Masu iya magana dai sun ce, gani ya kori ji.