Tsohon Bango Ba Ya Son Wanka

A Bafarawa da garuruwan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, har yanzu akwai ɗimbin ɗakuna da zauruka da kakanni suka gina da tubali. Da an ce Sallah ta gabato ko za a kawo amarya, sai hankali ya koma kan bangon ciki: hayaƙi ya dafe shi, ƙura ta zauna, wani farin gari ya feso daga gindi. Abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne bokitin ruwa da omo. Nan ne ɓarnar take farawa.

Kafin a taɓa bango, a san da me aka gina shi. Tubali ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, aka cura, rana ta busar. Bai shiga wuta ba, saboda haka da ya sha ruwa sai ya koma laka. Jan bulo kuwa an gasa shi, fatarsa ta yi tauri, amma cikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Bulon siminti shi ne ya fi jure wanki, kuma shi ne ya koya wa mutane ɗabi'ar watsa wa kowane bango ruwa.

Farin garin nan da ke fitowa a gindin bango ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya fi ruɗar masu gida. Gishiri ne. Da damina, musamman a unguwannin da ke kusa da fadamar Gulbin Rima da Bunsuru, ƙasa kan ƙoshi da ruwa. Bango sai ya riƙa tsotsar danshin yana hawa da shi sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan na tafe da gishirin da ya narke a ƙasa, har da na fitsarin dabbobin da ake ɗaurewa a jikin katanga. Idan ruwan ya bushe, gishirin ya daskare, ya kumbura a cikin ramukan, ya riƙa farfasa fuskar bangon. Ka shafa hannu a wurin, za ka ji yaɓen ya yi laushi yana zubowa kamar gari. Wanda ya wanke shi da ruwa ya narkar da gishirin ne kawai ya mayar da shi ciki, kuma da bangon ya bushe zai sake fitowa. A kakkaɓe shi a bushe da buroshi mai laushi, a kwashe garin a fitar da shi daga ɗaki, sannan a nemo inda ruwan ke shigowa: indararo ne ya karye, ko kwata ce ta toshe, ko randa ce ke yoyo a jingine da bango.

Kunkunniya ta fi sauƙi. A fara daga azara a gangaro, da tsintsiya mai laushi, a ɗaure hanci da baki, a fitar da yara da masu asma. Idan jan bulo ne, ana iya bi da soso mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, bayan an gwada a wani lungu. Buroshin ƙarfe da ruwan asid kuwa a bar su, don suna cinye fatar bulon da abin da ya haɗa shi. Tsohon fentin mai ma kada a kankare shi a bushe, domin wasu irinsa na ɗauke da dalma, wadda ƙurarta ke illata ƙwaƙwalwar yara.

Bangon tubali ba a maido masa da haske da wanki, sai da sabon shafe. Magina sun daɗe da sanin haka: yaɓe da ƙasa irin tasa, makubar ɗorawa inda ake son tauri, sannan farar ƙasa. Duk waɗannan suna barin danshi ya fita. A ganina babban kuskuren zamani shi ne lulluɓe tubali da filastar siminti da fentin mai. Shekara ɗaya ko biyu ɗakin zai yi kyan gani, amma danshin ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, har wata rana filastar ta ɓamɓaro faifai guda.

Ginin ƙasa yana daɗewa ne gwargwadon kulawar da yake samu. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta zama kufai bayan faɗuwarta a 1808, damina bayan damina ta narkar da ganuwarta. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yana nan tsaye saboda mutanen garin suna fitowa kowace shekara su yaɓe shi. A ƙasar Gobir, lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da bango ya bushe sarai, kuma akwai sauran watanni kafin ruwan farko.