Shekarar Da Aka Ɗaure Lilo



Ran nan ina zaune a tsakar gidanmu a Tudun Wada, ƙannena suna gardama a kan yawon Sallar bara. Wannan ta ce ita ta fi kowa daɗewa a kan lilo, wancan ya ce shi ya fi kowa shan zoɓo a bakin ƙofar wurin wasa. Ina jinsu sai na tuna da shekarar 2020, watau shekarar da annobar korona ta sa aka rufe wuraren wasa da na shaƙatawa a ƙasar nan da sauran duniya. Yara sun manta, gama yaro ba ya riƙe abu. Amma mu manya bai kamata mu manta ba, domin ba wasa kaɗai aka rufe a shekarar nan ba, har da abincin gidaje masu yawa. Yau a kan wannan nake so mu yi magana.

Yadda Aka Rufe

An fara samun cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani mutumin Italiya da ya sauka a Legas. Kafin wata guda gwamnonin jihohinmu na Arewa maso Yamma suka taru a Kaduna, suka ce a rufe makarantu daga 23 ga Maris. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta sa dokar kulle a Legas da Abuja. A tsakiyar Afrilu kulle ya iso Kano, kuma ba a sake shi gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. Daga 4 ga Mayu aka hana yawon dare a ƙasa duka, tun daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, aka kuma hana tafiya daga jiha zuwa jiha har ran 1 ga Yuli.

Kada wata ta ce don mugunta aka yi haka. Cutar tana bin numfashi ne, tana kuwa son wurin cunkoso. A Kano an yi ta rashin dattawa a watan Afrilu, har daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kamar rabinsu ko fiye ana danganta rasuwarsu da cutar. Duk wadda ta taɓa shiga wurin wasan yara ranar Sallah ta san yadda yake: kafaɗa da kafaɗa, hannu ɗari a kan ƙarfe ɗaya, mai tari ya yi tari a kan na kusa da shi. Yaro ya kan ɗauko cuta bai ji komai ba, ya kai wa kakarsa a gida. Rigakafi kuwa bai iso ƙasar nan ba sai ran 2 ga Maris, 2021.

To, amma ku duba kwanakin nan da kyau. Ƙaramar Sallah ta kama ran 24 ga Mayu, ana cikin hana tafiye-tafiye. Babbar Sallah ta kama ran 31 ga Yuli. A Kano duka biyun an yi Idi, amma ba a yi hawa ba, ba Hawan Daushe, ba Hawan Nassarawa. Kwamitin da Shugaban Ƙasa ya naɗa don yaƙi da cutar, wanda Boss Mustapha ke shugabanta, bai yarda a buɗe wuraren wasa da gidajen silima ba sai farkon Satumba, shi ma da sharaɗin kada a shigar da fiye da rabin mutanen da wurin ke ɗauka. Watau an buɗe ƙofa mako biyar bayan Babbar Sallah. A ƙasarmu kuwa Sallah ita ce kakar mai lilo. Kamar a ce wa manomi ya tafi gona bayan damina ta wuce ke nan. Sa'an nan a watan Disamba cutar ta sake tasowa, aka shawarci jihohi su sake rufe wuraren taro da na shaƙatawa har mako biyar, aka haɗa da Kirsimeti da sabuwar shekara.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

A Amurka akwai wani ƙaton gari na wasa da ake kira Disneyland, a jihar Kaliforniya, wanda aka buɗe tun 1955. An rufe shi a tsakiyar Maris na 2020. Ɗan'uwansa da ke jihar Filorida ya sake buɗewa ran 11 ga Yuli, amma Gwamnatin Kaliforniya ta ƙi, ta ce sai cutar ta lafa ƙwarai. Masu wurin suka yi ta kuka, 'yan kasuwar garin suka yi ta kuka, ba a buɗe ba sai ran 30 ga Afrilu, 2021, bayan fiye da wata 13. Tun a Satumba na 2020 kamfanin ya ce zai sallami ma'aikata 28,000. A Japan kuwa da aka buɗe, sai aka roƙi masu hawa jirgin wasan nan mai hawa da gangara su daina ihu, don kada yawu ya fantsama. Ku ji fa, a hau abin tsoro a yi shiru!

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan 28,000 an san adadinsu domin sunan kowa yana cikin littafi. Wanda aka rubuta sunansa, ko an sallame shi, ana iya nemansa a taimake shi. Mu fa, wa ya ƙirga namu?

Wa Ya Ɗauki Asara?

Mu ɗauki Gidan Zu na Kano misali, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako. Da yawa daga cikinmu 'yan Gusau da Tsafe da Bunguɗu can muka fara ganin zaki ido da ido, in an kai mu Sallah wurin dangi. A 2019 an yi ta maganar waɗansu kuɗi da suka ɓata a gidan, kamar naira miliyan 6.8, waɗanda aka ce na kwanakin Sallah ne. Wannan kuɗin ƙofa ke nan kawai. Ba a sa na mai Keke Napep da ya kawo yara ba, ko na mai hoto, ko mai balan-balan, ko mai ƙanƙara, ko telan da ya ɗinka kayan da aka sa aka je, ko mai kitso da mai lalle. In an rufe ƙofa ɗaya, duk waɗannan sun tsaya. Dabbobi kuwa ba su san annoba ba, kullum sai an ba zaki namansa, ko an samu baƙi ko ba a samu ba.

Haka kuma batun rabin mutane. Injin da ke juya lilo man da yake sha ɗaya ne, ko yara goma ne a kai ko biyar. Albashin mai gadi ba ya raguwa. Saboda haka mai wuri ko dai ya ƙara kuɗin shiga, ko ya rage ma'aikata, ko ya kori masu talla daga bakin ƙofa don kada a ce ya tara jama'a. Ko wanne ya zaɓa, a kan ƙaramin mutum abin ke faɗawa.

Mu mata mun san kulle tun kafin korona. Amma kullen aure bai taɓa hana mace sana'a ba. Tana cikin ɗakinta za ta yi alewar madara da gullisuwa da ƙuli-ƙuli da kunun aya, ta aika a sayar, kuɗi su same ta a kan tabarmarta. Kullen korona dabam ne, domin shi mai saye ya kulle.

Ina da wata gwaggo a nan Tudun Wada, mijinta ya rasu ya bar mata yara. Kowace shekara tun kafin azumi take shirin Sallah. Ta kan karɓi sukari da madara bashi wurin mai kanti, babban ɗanta ya kai kayan bakin wuraren da yara ke taruwa, cikin kwana uku ko huɗu ta biya bashi, ta zuba adashi, ta sayi littattafai da takalman makaranta. A 2020 ta riga ta karɓi kayan, tana zaton abin zai wuce kafin Sallah. Ranar Sallah da yamma na shiga gaishe ta, na tarar da faranti cike a gabanta.

Na ce, "Gwaggo, barka da Sallah. Yaya ciniki?"

Ta ce, "Barkanmu dai, ɗiyata. Ɗauki ki ci, ki kai wa ƙannenki. Gara ku ku ci da tururuwa ta ci."

Na ce, "To, mai kanti fa, Gwaggo?"

Ba ta ce komai ba, sai ta dubi tunkiyar da take kiwo a gindin turke. Tunkiyar nan ita aka sayar aka biya bashin sukari, tun ba ta kai lokacin da za ta yi daraja ba. Adashinsu kuma ya watse, gama duk 'yan adashin sana'arsu iri ɗaya ce, rana ɗaya suka rasa abin zubi. Da aka koma makaranta wajen ƙarshen shekara, sai da 'yarta ta ƙara makonni a gida kafin a haɗa mata kaya. Na san waɗansu 'yammata a unguwarmu da ba su koma ba sam. Wata ta zarce da talla, wata aka yi mata aure.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 tsakanin Afrilu da Yuni na 2020, kuma a ƙarshen shekarar rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. Waɗannan lambobi ne na manya. In kuna son ganin ma'anarsu, to, ga ta nan: turke babu tunkiya.

Taimakon Da Bai Shigo Zaure Ba

Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i. A ciki an ba waɗansu masu sana'ar hannu naira 30,000 kowanne, an kuma yi alkawarin yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta. Babban Banki ma ya ware naira biliyan 50 don bayar da rance. Waɗanda suka samu sun gode. Amma yawancin neman ta intanet ake yi, kuɗin kuma ta banki suke zuwa. Gwaggona ba ta da asusun banki a lokacin, ba ta da wayar da ke shiga intanet, ba ta cikin wata ƙungiya, ba ta kuma da ko takarda ɗaya da ke nuna abin da take sayarwa a shekara. A wurin hukuma kamar ba ta taɓa yin sana'a ba, alhali kuwa da sana'ar nan ta raini yara biyar.

Abin Da Za Mu Yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga Mayu, 2023. Lilo ya koma juyawa. Amma kada mu ce an gama. Mu 'yan Zamfara mun ga wata rufewar a wajen Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Dalili dabam, amma farantin da ya kwana cike iri ɗaya ne. Tun da haka ne, ga shawarata.

Ta fari, kowace mai sana'a ta sami littafi. Ta rubuta abin da ta sayo, da abin da ta sayar, da bashin da ke kanta. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko 'yarta ta rubuta mata. Ku 'yan makaranta, wannan aikinku ne. Lissafin da malama ke koya muku ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Yau ɗin nan ki sayi littafi mai arha ki zauna kusa da mahaifiyarki.

Ta biyu, kada a ɗora gida duka a kan kwana huɗu na Sallah. Mai alewa ta haɗa da abin da ake saye kullum, kamar daddawa, ko man gyaɗa, ko sabulu, ko saƙa. Waɗannan ko an rufe gari sai an neme su.

Ta uku, in za ku kafa adashi ku gauraya sana'o'i, mai abinci da mai ɗinki da mai kiwo da mai albashi, don kada iska ɗaya ta kwashe ku gaba ɗaya. Ku kuma riƙa cire ɗan wani abu gefe wanda ba a taɓawa sai ranar wahala.

Ta huɗu, ku nemi izinin maigida ku buɗe asusun banki da sunanku, ku yi katin ɗan ƙasa, ku haɗu ku yi wa ƙungiyarku rajista a ofishin gama-kai. Mace ɗaya ba a jin muryarta daga cikin ɗaki, amma mata talatin masu takarda ana jinsu.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabanninmu. In wata annoba ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, a rufe abin da ya kamata a rufe, gama rai ya fi dukiya. Amma a faɗa da wuri, tun mata ba su ci bashin sukari ba. A duba kalandarmu, a san cewa rufe mako guda na Sallah ya fi rufe wata biyu na sauran shekara ciwo. In kuma za a raba taimako, a bi ta hannun masu unguwa da ƙungiyoyin mata, a shiga zaure a yi sallama a tambaya.

Gwaggona yanzu tana da littafinta, 'yarta ce ke riƙe mata. Akwai kuma tumaki biyu a turke. Wadda duk ta ga irin wannan a gidansu a shekarar nan, ta rubuto mana mu ji yadda ta yi ta farfaɗo, don waɗansu su ƙaru.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.