Randar da ba ta sanyaya ruwa, da wasu abubuwan mamaki kan Ladi Kwali

Ka juya bayan takardar naira 20. Matar da ke jikinta Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane daga garin Kwali a ƙasar Gwari, kuma ita kaɗai ce macen da aka buga sunanta a kan naira. Fulanin da ke ɗauke da ƙwarya a bayan naira 10 ba su da suna.

A fadar Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin aikinta a 1950. Abujar nan kuwa ita ce Suleja ta yau. A nan Cardew ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane, Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko da aka ɗauka.

A ginin Turawa tukunya ce ke juyawa a kan faifai, magini yana zaune. A na Gwarawa tukunya na tsaye cak, maginiya ce ke kewaya ta. Ladi ta iya duka biyun.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda tsattsafowar da take yi, iska na bugun ta tana kwashe zafi. Da aka shafa wa tukwanen Ladi sinadarin ƙyalli aka gasa su da wuta mai tsananin zafi, sai ƙofofin yumɓun suka toshe, nauyi ya ƙaru. Kyau kam ya zo, amma sanyi ya tafi. Daga nan suka bar gindin bishiya suka koma ɗakunan baje koli, har Landan a 1958. Zanenta dai bai sauya ba: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi.

Ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa a 1977.

Magdalene Odundo, 'yar Kenya da tukwanenta ke tsada a Turai yanzu, ta zo Abuja a 1974 ta koyi gini da hannu a wurin Ladi. Har gobe Odundo ba ta shafa sinadarin ƙyalli, goge tukunya take yi har ta yi sheƙi.

Ladi ta rasu a Minna a 1984.