Shirin Musamman: Brolio, Gidan Ganuwa da Gonakin Inabi

Yau shirinmu ya yada zango a yankin Taskani da ke tsakiyar Italiya, inda gidan sarautar Brolio yake bisa tudu cikin ganuwa, gonakin inabi da na zaitun sun yi masa zobe.

Tun shekarar 1141 gidan yake hannun zuriyar Ricasoli. Da yake yana kan iyakar biranen Fulorens da Siyena, waɗanda a da ba sa ga maciji, ya sha hare-hare. A 1478 mayaƙa suka rushe shi, aka sake ginawa. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu bai tsira ba, don har yau akwai tabon harsasai a jikin bangonsa. Duk da haka, da ƙura ta lafa sai manoma su koma gona.

Wanda ya ɗaukaka sunan gidan shi ne Bettino Ricasoli, da aka haifa a 1809, ya kuma zama firaministan Italiya a 1861. Mulki bai raba shi da noma ba. Ya yi shekaru yana gwada irin inabi daban-daban, ya je Faransa ya ga yadda suke yi, daga ƙarshe ya tsaya a kan irin da ƙasarsu ta fi karɓa.

A 1872 ya aika wa wani farfesa na Jami'ar Pisa wasiƙa, ya bayyana haɗin giyar Chianti. Inabin Sangiovese ne ginshiƙi, shi ke ba da ƙamshi da ƙarfi. Canaiolo kan rage masa kaifi. Malvasia kuwa, wanda fari ne, ana sa shi a giyar da za a sha nan kusa, ba a sa shi in za a daɗe ana ajiya. A yau doka ta ce sai Sangiovese ya kai kashi 80 cikin 100 kafin a kira giya Chianti Classico.

Aikin na mai haƙuri ne. Da hunturu ake sassabe rassan kuringa. A watannin Satumba da Oktoba ake tsinkar 'ya'yan, a murƙushe su, a bar ruwan ya tsima tare da ɓawon, domin daga ɓawon ne jan launi ke fitowa. Sannan a zuba cikin gangunan katako, su yi watanni a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi.

A shekarun 1970 harkar giyar Brolio ta koma hannun kamfanonin waje, sai a 1993 Francesco Ricasoli ya dawo da ita gida, ya sa aka binciki ƙasar gonakin fili-fili, aka sake dashe. Abin da ya riƙe Brolio ke nan: manomin da ya san ƙasarsa, ya rubuta abin da ya gano, ya bar wa na baya.